Yadda za ka haɗa hoton Fakon Idi wanda za a yi zumin har a ga fuska

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka, ka ce kana da kyamara mai megafiksel 24 da gilashin da ke kaiwa 200mm, kana son ka ɗauki Fakon Idi, filin idin Sakkwato, ranar salla hoto guda mai faɗi wanda mutum zai ja da yatsa har ya gano kawunsa a cikin sahu, ka gwada panoramar waya amma da an yi zumin sai ta watse, ka kuma gwada haɗa hotuna a Photoshop sai sama ta fito wani wuri haske wani wuri duhu, wayar lantarki ta karye a tsakiya, wani yaro kuma ya fito sau biyu. To abin da kake so yana yiwuwa da kayan da ke hannunka yanzu, ba sai ka sayi sabuwar kyamara ba. Amma ka sani tun yanzu, duk matsalolin nan uku da ka lissafa ba a kwamfuta anka haife su ba, a filin ɗauka ne. Manhaja ɗinki kawai take yi, abin da ka ba ta shi za ta ɗinka.

Kuma kada ka raina kyamararka. Hoton nan da David Bergman ya yi na rantsar da Obama a 2009, wanda mutane sunka riƙa zumin suna neman fuskokinsu, da ƙaramar kyamara Canon G10 anka ɗauke shi, hotuna 220 anka haɗa ya ba da megafiksel 1,474. Kafin shi a 2003 Max Lyons ya haɗa hotuna 196 na Bryce Canyon a Amurka ya haura gigafiksel ɗaya, wato megafiksel dubu, da kyamara mai megafiksel 6 kacal. Taka ta ninka tashi sau huɗu. Manyan da kake ji irin na Landan mai gigafiksel 320 da anka ɗauka daga saman BT Tower, wannan hotuna sama da 48,000 ne da injuna masu juya kyamara da kansu, ba shi muke magana ba kuma ba ka buƙatar shi.

Mu yi lissafin naka tukun don ka san abin da kake shiga. Hotonka ɗaya fiksel 6000 ne da 4000. Dole kowane hoto ya hau kan maƙwabcinsa da kamar kashi 30 cikin 100, gefe da gefe da kuma sama da ƙasa, kamar yadda kafinta ke aza kwanon rufi baki kan baki, in bai hau ba ruwa zai zuba. Wurin da sunka hau juna nan ne manhaja ke neman alamomi iri ɗaya, kusurwar taga, bakin hula, reshen dogon yaro, ta ɗaure su. Da ka cire wanga haɗin, abin da kowane hoto ke ƙaro maka sabo bai wuce rabinsa ba, wato megafiksel 12 ko kusa. Kenan gigafiksel ɗaya na son hotuna tamanin da wani abu. In ka tsayar da kyamara a tsaye ka yi layi 4, kowane layi hoto 22, hotuna 88 kenan, za ka samu faɗin fiksel wajen 62,000 da tsayin 18,000 da ɗoriya kafin a yanke gefuna. A kan 200mm da ƙaramar kyamara irin taka wannan zai rufe maka kusurwa kamar digiri 70 a faɗi da 20 a tsayi. In filin ya fi haka faɗi daga inda kake tsaye sai ka sauko 135mm ko 100mm, hotunan su ragu, zumin ɗin ma ya ragu, haka cinikin yake.

Yanzu saitin kyamara, nan ne samarka ta lalace. Ka fitar da komi daga oto. Komi. Ka sa kyamara a M, wato manuwal inda kai ke saita komi da hannu, ka auna haske a wurin da ya fi haske cikin abin da za ka ɗauka, kuma ranar idi wurin nan fararen shaddodi da rawuna ne, in sunka ƙone sun zama fari fat ba mai dawo maka da aikin zaren da ke wuyan riga, amma inuwa ana iya ɗaga ta daga baya in ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta matse ba. Sai ka kulle. Buɗin gilashi f/8, in kana son kaifi ya ƙara nisa f/11, kada ka wuce nan don daga f/16 hoto laushi yake farawa ko da kana ganin kamar komi ya shiga fokos. Shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, kada ta gaza 1/500 na daƙiƙa, in rana ta fito sosai 1/1000 ta fi, mutane na motsi kuma dogon gilashi ko numfashinka yana ji. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka sa da hannunka 100 ko 200, ka duba da kyau don wasu kyamarori ko kana M suna barin ISO a oto, shi ke sa hoto ɗaya ya fi ɗan uwansa haske ba ka san dalili ba. Saitin launi ka aje shi a Daylight, in ka bar shi oto da ka juyo kan jar ƙasa zai ja shuɗi, da ka koma kan itatuwa ya canza, a haɗe sai ka ga hoton zane-zane. In akwai gilashin nan mai rage ƙyalli da ake murɗawa a bakin kyamara ka cire shi, yana duhunta sama a ɓangare ɗaya ya bar ɗaya, kuma a panorama wannan ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Zumin ɗin ma da ka zaɓi inda za ka tsaya ka naɗa mishi ɗan salatif kada ya zame lokacin da ka duƙar da kyamara.

Fokos yana son magana ta daban. Ka mai da shi manuwal, amma a 200mm ba zai yiwu wanda ke mita 30 gabanka da wanda ke can ƙarshen fili su fito da kaifi a fokos ɗaya ba. Mafita biyu ce, ko ka hau sama ka ja baya yadda mafi kusa da kai ma yana da nisa, ko ka yarda ka gyara fokos da hannu tsakanin layin ƙasa da na sama. Gyaran nan kaɗan ne kuma manhaja na jure shi. Abin da ba ta jurewa shi ne oto ya kama kan wani a hoto na 14 ya kama bango a na 15.

Wayar lantarkin da ta karye maka kuwa, miƙa babban yatsanka gaba ka rufe ido ɗaya, ka buɗe ka rufe ɗayan, za ka ga yatsa na tsalle a kan abin da ke bayansa. Haka ke faruwa in ka riƙe kyamara ka juya da jikinka gaba ɗaya, idon kyamara yana sauya wuri, abin da ke kusa sai ya matsa a kan na nesa, hotuna biyu su yi gardama kan inda waya take, manhaja ta rasa wanda za ta yarda da shi ta yanke. Akwai wani wuri a cikin gilashin, in a kansa kyamara ke juyawa wanga tsalle ba ya faruwa, kuma kawunan panorama da ake ɗora kyamara a kansu irin su Nodal Ninja aikinsu kenan, su ja kyamara baya har wurin ya zo daidai kan inda ake juyawa. Gano shi ba wuya, ka kafa sanda biyu ɗaya kusa ɗaya nesa su daidaita a ido, ka juya hagu da dama kana kallo, in sunka rabu ka matsar da kyamara gaba ko baya har su daina rabuwa, ka sa alama. Amma gaskiya ga aikinka ba zan ce ka kashe kuɗi a nan ba. In mafi kusa da kai ya kai mita 30 ko 40 tsallen ƙanƙani ne, sitan mai ƙafa uku mai nauyi ya isa. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka bar waya, turken lantarki, bakin katanga ko reshe kusa da kai a cikin hoton. Matsa, canza wuri. Wanda zai ɗauki cikin masallaci ko cikin zaure ko ɗakin taro shi ne ba shi da mafita sai kan panorama, don can komi kusa yake.

Ka daidaita sitan ɗin kansa, ba kan kawai ba, da ɗan ruwan awon nan da ke jikinsa, in ba haka ba kana juyawa hoton na gangarawa, ƙarshe ka yanke kusan layi guda a banza. In gilashinka na da maganin rawa ka kashe shi tun da kana kan sitan.

To ga abin da babu wanda zai gaya maka a bidiyon Turawa, kuma a ganina shi ne ke yanke hukunci a Sakkwato: iska. Ba kyamara ce iyakarka ba, abin da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu zai cinye maka duk abin da ya wuce ɗan nisa, hoto ya fito fari-fari ba baƙi ba launi, kana da fiksel biliyan amma ƙura ce a cikinsu. Maris zuwa Mayu kuma zafi, ƙasa ta ɗauki rana tana mai da ita sama, ƙawalwalniya ta tashi, ka leƙa ta 200mm da ƙarfe sha ɗaya ka kalli hasumiyar masallaci daga nesa za ka gan ta tana rawa awa tana cikin ruwa, layin bulo ya zama igiya. Wannan ba fokos ba ne kuma babu manhajar da ke miƙar da shi, muni ma kowane hoto da irin tashi lanƙwasar, wurin haɗi sai su ƙi daidaita. Mafi kyawun lokaci a garin nan safiyar da ta biyo bayan ruwan sama, Yuli zuwa Satumba, iska wankakka, ƙasa da sanyi, daga hantsi ya fara zafi ka naɗe kayanka. Je gadar Kwalkwalawa irin wagga safiya ka dubi fadamar Rima, sannan ka koma wuri ɗaya a Janairu, za ka gane abin da nake faɗa. Salla kuwa ba kai ke zaɓa mata wata ba, duk shekara tana ja baya da kwana goma sha ɗaya ko kusa, shi ya sa in ta faɗo cikin hazo ko tsananin zafi gara ka matso kusa ka yi da 100mm ka samu megafiksel ɗari uku masu kaifi, da ka tsaya nesa ka tara dubu na hayaƙi. Kuma hawa sama na taimako ƙwarai a nan, don rawar iskar ta fi ƙarfi dab da ƙasa.

Wajen tsayuwa akwai sa'a guda da kake da ita. Masallata gabas suke fuskanta, rana kuma da safe daga gabas take, kenan in kana ɓangaren gabas kana kallon yamma rana na bayanka kuma tana haska fuskokin jama'a. In ka tsaya bayan sahu ƙeya za ka ɗauka, rana kuma cikin idon kyamara. Sai dai gaban nan wajen liman ne da manyan gari da masu tsaro, ba wurin da za ka bayyana da safe da dogon gilashi ka kafa sitan ba ne. Ka je tun da sauran kwanaki ka nemi izini wajen masu kula da filin, ka nuna musu abin da za ka yi, ka ga inda za ka hau, in da hali ka yi gwaji filin ba kowa. Gefen gabas maso kudu ko maso arewa ma ya isa, ba dole sai tsakiya ba.

Yaron da ya fito sau biyu, tafiya yake kana tafiya, ka kama shi a hoto ɗaya ya riga ka zuwa na gaba. Maganinsa sauri da tsari. Kada ka bi layin sama tun daga hagu har dama sannan ka dawo na biyu, kafin ka dawo minti ya wuce, wanda kansa ke layin sama jikinsa ya tashi daga na ƙasa. Ka bi a tsaye, sama zuwa ƙasa hoto huɗu, matsa gefe, ƙasa zuwa sama, haka har ƙarshe, yadda maƙwabta ba su wuce 'yan daƙiƙu tsakaninsu ba. Hoto 88 a daƙiƙa biyu-biyu minti uku ne. Lokacin da ya fi shi ne ana zaune cikin sahu ana kabbarori kafin liman ya iso, fili ya cika kuma motsi kaɗan ne, ka gama ka kashe kyamara ka bi salla da jama'a. Bayan sallama kada ka sa rai, mutane tashi suke farawa. In ka ga wani ya gitta ko doki ya shigo, sake ɗaukar wurin nan take ba tare da ka motsa kyamara ba, daga baya za ka zaɓa. Ka yi zagaye biyu ko uku in lokaci ya ba ka, kuma ka ɗauki tafin hannunka kafin kowane zagaye da bayansa don ka gane farko da ƙarshe a memori. Memori mai sauri, batir biyu.

A kwamfuta, kafin haɗi ka buɗe RAW ɗin a Lightroom ko abin da kake amfani da shi, ka gyara hoto ɗaya, ka kunna gyaran gilashi don ya cire duhun kusurwoyi, shi ma yana cikin masu sa sama ta yi tabo-tabo, sannan ka kwafa gyaran kan sauran duka iri ɗaya. Kada ka taɓa oto, kada ka yanke ko ɗaya. Lightroom da Photoshop suna haɗa hoto goma ko ashirin lafiya lau, amma Lightroom na da iyaka, ba ya wuce fiksel 65,000 a gefe ko megafiksel 512, kuma in sunka yi kuskure ba su ba ka inda za ka sa hannu. Don aiki irin naka manhajar PTGui ce, ta kuɗi ce amma tana da sauri kuma tana da inda za ka gaya mata layi nawa ne hoto nawa ne ta jera su, abin da ke ceto hotunan da sama ce zalla babu alamar kamawa. In babu kuɗi Hugin kyauta ce, dukkansu daga aikin Helmut Dersch na Panorama Tools sunka samo asali, Hugin na da ɗan wuyar sabo amma sakamakonta ba ya jin kunya gaban kowa. Microsoft ICE da mutane ke so don sauƙinta an daina fitar da ita, Autopano ma kamfaninta ya rufe a 2018, kada ka ɓata data kana nemansu a shafukan da za su cika maka laftof da ƙwayar cuta.

Da manhajar ta jera hotunan, duba alamomin da ta ɗaure. Duk wadda ta kama a jikin mutum mai tafiya ko gajimare ko tuta goge ta, ka bar na gini da ƙasa da mutanen da ke zaune. Inda biyu sunka ƙi haɗuwa ka sa alamomi huɗu ko biyar da hannunka a warwatse, ba a tare wuri ɗaya ba. Mai fitowa sau biyu ko mai rabin jiki, akwai abin shafawa a Hugin da PTGui Pro, ka shafe shi a hoto ɗaya ka ce a ɗauko wurin daga ɗayan, nan ne haɗin kashi 30 ke biyanka. Za ta tambaye ka yadda za a shimfiɗa hoton, in faɗinsa bai kai digiri 90 ko 100 ba zaɓi Rectilinear layukan gini su miƙe, in ya wuce haka gefuna za su ja mutane su yi faɗi, sai ka koma Cylindrical. Ka miƙar da layin da sama ta haɗu da ƙasa kafin ka fitar.

Kada ka fara da fitar da cikakken girma. Fitar da ƙarami mai faɗin fiksel 8000 ka bi shi lungu-lungu, ka gyara, sannan babba. Gigafiksel ɗaya ba a matse ba gigabayit 3 ne a 8-bit, 6 a 16-bit, kuma lokacin aiki manhaja na cin ninkin haka a faifai, don haka RAM mai gigabayit 16 ne mafi ƙaranci da zan ba da shawara, da SSD mai fili sosai. Bergman sama da awa shida kwamfutarsa ta yi tana haɗawa a 2009, yanzu abin ya yi sauƙi nesa ba kusa ba, amma duk da haka ka cika caji ko ka jona inbata, wuta ta ɗauke a tsakiya daga farko za ka koma, kuma ka ɗaga laftof ɗin iska ta shiga ƙarƙashinsa, da zafin garin nan in ya ɗau zafi rage gudu yake da kansa. Wajen ajiya JPEG ba ya wuce fiksel 65,535 a gefe, PSD na tsayawa a 30,000, TIFF na yau da kullum gigabayit 4, saboda haka uwar fayil ɗin ka aje ta a PSB, babban fayil na Photoshop, wanda ke kaiwa 300,000, ka yi kwafi biyu a wuri biyu tare da RAW ɗin.

Nunawa kuma wani aiki ne. In ka tura ta WhatsApp ko Facebook a matsayin hoto za su matse shi ya koma daidai da na waya, duk wahalarka ta tafi. Irin waɗanga hotuna yanka su ake ƙanana-ƙanana hawa-hawa, mai kallo ya ja wuri sai a sauko mishi da gutsuren wurin kawai, shi ya sa ko da data kaɗan yana buɗewa. Zoomify, krpano da OpenSeadragon duk aikin da suke yi kenan, ta ƙarshen kyauta ce amma sai kana da shafin da za ka ɗora ko wanda zai taya ka. In kuwa bugawa za a yi a rataya a bango, to tsaya ka sake lissafi, ƙyallen bugawa mai faɗin mita 3 da ake kallo daga ɗan nesa fiksel 12,000 sun ishe ta, wato hoto huɗu ko biyar a layi ɗaya, ba 88 ba. Na fi son ka fara da irin wannan ma, layi ɗaya a 50mm ko 70mm, sannan layi biyu, hannunka ya saba da matsawa daidai ba tare da tunani ba kafin ranar da ba a maimaita ta sai baɗi.

Abu ɗaya da nake roƙonka da shi dan Allah. Daga saman bene da 200mm ba fili kawai kake gani ba, kana ganin tsakar gidajen mutane, matan aure na aikinsu ba su san da kai ba, kuma a ƙaramin hoto ba za ka lura ba sai wani ya yi zumin ya gani ya yanka ya yaɗa. Kafin ka saki hoton ka bi shi a cikakken girma gida-gida, duk inda ya leƙa bayan katanga ka yanke ko ka dusashe shi, haka ɓangaren mata a filin idi ka tambayi masu wurin tukun ko a saka ko a bari. In ka yi gwajin layi ɗaya ka turo min hotunan daban-daban yadda sunka fito daga kyamara, ba haɗaɗɗen ba, ka turo su a matsayin fayil don kada a matse su, daga nan zan iya gaya maka ko haɗin ya isa ko sitan ne ke gangarawa.